Zambo A Kan Takarda: Yadda Masu Zanen Landan Su Ka Sa Sarki Da Sojan Ruwa A Gaba

Mai karatu, idan ka na ganin tsegumin da ake yi wa 'yan fim a mujallu ya yi zafi, to gyara zama ka sha labarin birnin Landan na shekaru ɗari biyu da 'yan kai da su ka wuce. A wancan zamanin babu kyamara, babu rediyo, jaridu kuma tsurar rubutu ne ba hoto. Amma akwai wasu 'yan shaguna masu tagogin gilashi a unguwannin masu hannu da shuni, inda ake manna zane-zanen barkwanci masu launi a kowane mako. Wanda aka fi zanawa a ciki kuwa shi ne Sarkin Ingila da kan sa, da matar sa, da 'ya'yan sa, sai manyan hafsoshin sojan ruwa waɗanda ƙasar ke tinƙaho da su. Daga wajen 1780 zuwa 1830 wannan sana'a ta yi tashen da ba ta sake yin irin sa ba.

Bari mu fara da yadda ake yin abin, domin a nan sirrin ya ke. Mai zane zai samu farantin jan ƙarfe ya shafe shi da kaki, sannan ya sa allura ya zana abin da ya ke so a kan kakin. Sai a tsoma farantin a ruwan asid, asid ɗin ya ci duk inda allura ta bi. A wanke, a shafa tawada, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Launi kuwa da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda. Saboda haka abu zai faru a fada ranar Litinin, kafin mako ya zagayo ka gan shi a tagar shago. Kowane zane 'yan ɗaruruwa ake bugawa, kuɗin sa kuma sule ɗaya in babu launi, wajen sule biyu in da launi. Riƙe wannan lissafi na sule biyu, za mu dawo gare shi. Wanda ba ya son saye ya na iya zuwa shagon wani mai suna Fores a titin Piccadilly ya karɓi kundin zane haya na dare ɗaya domin ya nishaɗantar da baƙin sa, tamkar dai yadda aka riƙa karɓar hayar kaset ɗin bidiyo a wajen mu. Talaka kuwa sai kallo ta taga, kyauta.

Gwanin gwanaye a wannan fage shi ne James Gillray, wanda aka haifa a 1756. Mahaifin sa tsohon soja ne da ya rasa hannu ɗaya a fagen yaƙi. Gillray mutum ne shiru-shiru, ba shi da yawan abokai, kuma shekara da shekaru ya na zaune a saman shagon wata mata mai suna Hannah Humphrey, wadda ita ce ke bugawa da sayar da ayyukan sa. A 1797 su ka koma shago mai lamba 27 a titin St James, 'yan taku kaɗan daga fadar sarki da kulob-kulob ɗin manyan 'yan siyasa. Wato waɗanda ake zagi su ne maƙwabta, su ne kuma masu saye.

Sarkin lokacin shi ne Joji na Uku, wanda ya hau gado a 1760. Mutum ne mai son noma, mai mace ɗaya da 'ya'ya goma sha biyar, ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata. To me za a zage shi da shi? Rowa! A watan Yuli na 1792 Gillray ya fitar da zanen sa shi da Sarauniya Charlotte su na cin abinci. Sarki guda ya duƙufa a kan dafaffen ƙwai, ya ja gefen mayafin tebur ya soke a wuya don kada a ɓata adiko, ga faci a wandon sa, kujeru duk an lulluɓe su kada su tsufa, murhu ba wuta. Sarauniya kuma ta na ta cusa kabeji mai tsami, abincin ƙasar su Jamus, a bayan ta ga ƙofar taska an garƙame ta da sakata. A watan Maris na wannan shekarar ma ya taɓa su da wani. Lokacin masu adawa da cinikin bayi sun yi gangamin ƙaurace wa sukari, tunda bayi ne ke noman raken a tsibiran Karebiyan, har an ƙiyasta mutum wajen 300,000 sun daina sha. Sai Gillray ya zana Sarki da Sarauniya su na lallashin 'ya'yan su mata su sha shayi ba sukari, yaran duk sun ɗaure fuska, uwar ta na nuna masu irin kuɗin da baban su zai adana. Ma'ana, tausayin bayi daban, son kuɗi daban.

Idan uba marowaci ne, ɗan kuwa almubazzari ne na ƙin ƙarawa. Yarima mai jiran gado, shi ma sunan sa Joji, bai cika shekara talatin ba lokacin da Gillray ya yi masa zanen da har yau da shi ake tunawa da shi. Ga shi nan ya baje a kujera bayan ya ci ya yi nak, tumbi ya na neman tsinke maɓallan wando, ya na sakace da cokali mai yatsu. A ƙarƙashin tebur kwalaben giya ne ba komai a ciki, a ƙasa kayan caca, a bayan sa fo ya cika ya na tumbatsa, kuma da fo ɗin aka danne takardun bashin da bai biya ba. A gefe ga kwalaben maganin cututtukan da ba a son ambata a bainar jama'a. Tambarin sarautar sa da ke jikin bango ma an mayar da shi wuƙa da cokali. Kuma ba sharri aka yi masa ba a batun bashi: zuwa 1795 ana bin sa fam 630,000, abin da ya tilasta masa auren 'yar'uwar sa Caroline, wadda ba ya ƙauna ko kaɗan, don dai majalisa ta yarda a sauke masa nauyin.

Akwai wani zane na 1792 da ni a gani na ya fi waɗannan duka ɗaci, ko da ya ke babu ƙazanta a cikin sa. An ce Sarki ya taɓa faɗin cewa shi bai fahimtar irin waɗannan zane-zane. Sai Gillray ya zana shi ya kusanto da ido, da ɗan guntun kyandir a hannu, ya na ƙoƙarin gane wani ƙaramin hoto. Hoton wa? Na Oliver Cromwell, jagoran mutanen da su ka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Wannan fa ana tsakiyar juyin juya halin Faransa. Wata bakwai bayan fitar zanen, a Janairun 1793, Faransawa su ka fille kan sarkin su.

Na san abin da ke ran ka: ya aka yi ba a ɗaure mutumin nan ba? An dai taɓa kama shi sau ɗaya a farkon 1796, maganar ta shiririce tun kafin a yi nisa. Dalilin farko shi ne kunya. In ka kai mai zane kotu, dole lauyan gwamnati ya ɗaga takardar ya nuna wa alƙali da masu taya shi yanke hukunci, ya rantse cewa wannan mai tumbin da fo a bayan sa Yarima ne. Wa zai iya riƙe dariya? Dalili na biyu shi ne tsada. Abin da ake sayarwa sule biyu ga 'yan ɗaruruwan masu kuɗi ba zai tayar da tarzoma a kasuwa ba. Rubutu ne gwamnati ke jin tsoro. Dubi Leigh Hunt, editan jaridar Examiner. A 1812 ya rubuta kusan abin da Gillray ya zana shekaru ashirin kafin nan, cewa Yarima mai ƙiba ne, mai bashi, mai saɓa alkawari. A 1813 aka yanke masu ɗaurin shekara biyu-biyu shi da ɗan'uwan sa John, da tarar fam 500 kowannen su. A Faransa ma ba a ɗauki zane da wasa ba: Daumier ya sha ɗaurin wata shida a 1832 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe ya na haɗiye dukiyar talakawa.

To mu bar fada mu gangara bakin teku. Ingila tsibiri ce, saboda haka rayuwar ta na hannun jiragen yaƙin ta, musamman daga 1793 zuwa 1815 da ta shafe kusan duka ta na yaƙi da Faransa. A ƙarshen shekarun 1790 sojan ruwan ta sun haura mutum 100,000. Ina aka samo su? Da yawa da ƙarfin tsiya. Doka ta yarda hafsa ya fito da ƙarti masu kulake su bi mashaya da lungunan garuruwan bakin teku su kama maza su jefa a jirgi. A ƙa'ida waɗanda su ka san aikin ruwa kaɗai ake kamawa, amma in buƙata ta yi yawa, wa ke tambaya? Tun a 1779, ya na ɗan shekara ashirin da uku, Gillray ya zana irin wannan kamen: ƙarti sun damƙe wani siririn tela, almakashi na leƙowa daga aljihun sa, mata sun yi ca a kan masu kamen, wata ta cafko gashin ɗayan su. Sunan da ya raɗa wa zanen, in an fassara, shi ne 'Yancin Talaka. Ka ji gatse, a ƙasar da ke alfahari cewa ita ce uwar 'yanci.

Wanda aka kama ɗin me zai tarar? Naman da aka jiƙe da gishiri wata da watanni, biskit mai tauri kamar dutse wanda ƙwari su ka yi gida a ciki, ruwan sha mai wari, da barasa da ake sirkawa da ruwa a raba kullum. Horo kuwa bulala ce mai harshe tara, a gaban kowa da kowa. Albashin ƙaramin sojan ruwa sule 19 ne a kwana 28, kuma rabon da a ƙara shi tun 1653. Ka tuna sule biyun nan na zane mai launi? Ladan kwana uku kenan na mutumin da ake zanawa. Ko a wajen awo ana ƙwarar sa, domin ma'ajin jirgi awo 14 ya ke ba shi a matsayin laba guda maimakon 16.

Amma in ka duba yawancin zane-zanen, ba wannan mutum za ka gani ba. Za ka ga wani ƙato mai fara'a da su ke kira Jack Tar, wato Jack mai kwalta saboda kwaltar da ake shafa wa igiyoyin jirgi, da lofe a baki, kwalba a hannu, mace a kowane gefe, ya sauka daga jirgi ya na watsa kuɗin sa. Thomas Rowlandson shi ne sarkin irin wannan. Zanen sa na tashar Portsmouth, na wajen 1811, cike ya ke da bugaggu, masu bankwana, masu faɗuwa, mai goge da ƙafar katako, da shagon mai ba da bashi a gefe. Akwai daɗin kallo, ba musu. Sai dai ka lura da amfanin da irin wannan hoto ke yi wa masu mulki: mutumin da aka nuna maka cewa duk abin da ya samu a giya da mata zai ƙare, ba za ka ji zafi don an hana shi ƙarin albashi ba.

A 1797 Jack ɗin ya gaji. A tsakiyar watan Afrilu, sojojin jirage goma sha shida da ke Spithead, kusa da Portsmouth, su ka ƙi ɗaga anga. Sun yi abin su cikin tsari, kowane jirgi ya zaɓi wakilai, su ka ce in Faransawa su ka fito za su yaƙe su, amma ban da haka ba inda za su sai an gyara albashi da awo. Gwamnati ta sauko. Aka turo tsohon Adimiral Howe ya sasanta, aka ƙara kuɗi, aka sauke wasu azzaluman hafsoshi, Sarki ya yi afuwa. Sai wani boren ya ɓarke a Nore, bakin kogin Thames, kuma waɗannan sun yi nisa har su ka tare hanyar jiragen kasuwanci zuwa Landan. Nan gwamnati ta ƙi. Aka hana su abinci, jirage su ka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka rataye jagoran su Richard Parker a jikin jirgi ranar 30 ga Yuni, tare da wasu kusan talatin a makonnin da su ka biyo baya. Ina masu zanen da ba su tsoron Sarki? Isaac Cruikshank ya zana wakilan boren a matsayin wasu 'yan daba masu munanan fuskoki sun kewaye tebur da bindigogi, a ƙarƙashin teburin kuma 'yan siyasar adawa sun ɓuya su na zuga su. Ranar da talaka ya buɗe baki da kan sa, alƙalamin da ake ce wa na 'yanci bayan gwamnati ya bi.

A ƙarshen wannan shekarar ce kuma Gillray ya soma karɓar fam 200 duk shekara daga gwamnatin Firayim Minista Pitt, ta hannun wani matashin ɗan siyasa mai suna George Canning. Daga nan zafin sa ya fi komawa kan Charles James Fox da 'yan adawa, da Faransawa, daga baya kuma Napoliyon, wanda ya mayar ɗan tsurut mai zuciyar yara. Bai daina taɓa iyayen gidan sa ba ɗungurungum. A 1805 ya zana Pitt da Napoliyon a tebur sun sa duniya a faranti kamar curin tuwo, Napoliyon na yankar Turai, Pitt kuwa ya yanki teku. Amma gidan sarauta ya samu sa'ida.

Jarumin ƙasa a lokacin shi ne Horatio Nelson, mai hannu ɗaya, wanda idon sa na dama ma ba ya gani. A watan Agusta na 1798 ya afka wa rundunar Faransa a gaɓar Masar, cikin manyan jiragen su 13 biyu kaɗai su ka tsira. Gillray ya zana shi tsamo-tsamo a kogin Nilu ya na jibgar kadoji masu launin tutar Faransa da kulki. Wata biyu bayan nan kuma ya zana shi ya na neman nutsewa a cikin lambobin yabo da tufafin ado, har da tuntun lu'ulu'u da Sarkin Musulmin Turkiyya ya aiko masa, domin kowa ya san Nelson da son a yabe shi.  Farkar sa Emma Hamilton ita ta sha wuya. A Fabrairun 1801, kwanaki kaɗan bayan ta haifa masa 'ya a ɓoye, Gillray ya zana ta jibgegiya, ta na kururuwa a bakin gado ta na hangen jirage na tafiya, tsohon mijin ta na sharar barci a bayan ta. Nelson ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805, aka yi masa jana'izar ƙasa. Emma ta mutu a Calais ta Faransa a 1815, ta gudu daga masu bin ta bashi.

Yanzu ga inda sarauta da sojan ruwa su ka haɗu a jikin mutum ɗaya, ga kuma inda labarin ya shafi duk wanda ya san halin da 'yar wasa ke shiga. Ɗan Sarki Joji na uku a jerin maza, Yarima William, an sa shi aikin jirgin yaƙi a 1779 ya na ɗan shekara goma sha uku. Ya yi aikin da gaske, ya ga yaƙi, ya zama kyaftin a 1786, ya yi abota da Nelson har shi ne ya tsaya a matsayin waliyyin amarya ranar auren Nelson a tsibirin Nevis a 1787. Amma mutum ne mai baki ba linzami da taurin kai, don haka bayan 1790 hukumar sojan ruwa ba ta sake ba shi jirgi ba, duk da roƙon da ya riƙa yi a tsawon yaƙin. Sai muƙamai na suna kawai.

A 1791 ya haɗu da Dorothy Jordan. 'Yar ƙasar Ailan ce, an haife ta a 1761, kuma tun da ta hau dandamalin gidan wasan Drury Lane a 1785 babu wata 'yar wasan barkwanci da ta kama ƙafar ta a Ingila. Mutane na cika gidan wasa don su ji dariyar ta kawai. Sunan Jordan na wasa ne, ba ta taɓa aure ba, ko da ya ke ta na da 'ya'ya. Rashin sa'ar da ta yi shi ne, a Turancin kan titi na wancan zamani, kalmar jordan na nufin fo. Allah sarki! Masu zane su ka samu abin da su ke nema. A ranar 1 ga Nuwamba 1791 Gillray ya fitar da zanen wani ƙaton fo mai tsaga, tsaye a kan ƙafafun mace, Yarima da wandon sojan ruwa ya cusa kai da rabin jiki a cikin tsagar, kwat ɗin sa ta hafsa na rataye a bango. Ka lura da bambancin: shi an bar shi mutum, ko da wawa ne. Ita ko fuska ba a ba ta ba. Wasu masu zanen su ka ɗauka, fo ya zama alamar ta na shekaru. Jaridu su ka ce ta watsar da 'ya'yan ta saboda ɗan sarki, har 'yan kallo su ka yi mata ihu a gidan wasa, sai da ta tako gaban dandamali ta kare kan ta da bakin ta kafin su ka sauko.

Abin da fo ɗin bai nuna ba shi ne shekara ashirin su ka yi tare, ta haifa masa 'ya'ya goma, biyar maza biyar mata, kuma a tsakanin haihuwa da haihuwa ta na zagaya garuruwan Ingila ta na wasa, kuɗin ta na shiga hidimar gidan, domin Yarima kullum cikin bashi ya ke. A nan kam Gillray ya ɗan yi adalci. A 1797 ya zana Yarima ya na jan keken yara, gumi na zuba, ita kuma ta na tafe a gefe ta na haddar wasan da za ta yi. Kowa a Landan ya gane tambayar: tsakanin su biyun, wa ke ciyar da wa?

Wani abu game da wannan Yarima ya taɓo ƙasar mu. Ya na cikin masu kare cinikin bayi a zauren majalisar masu sarauta, da bakin sa. A 1792 William Wilberforce ya tsaya a majalisa ya zargi wani kyaftin ɗin jirgin bayi, John Kimber, da kashe wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyar da bulala, a jirgin da ya ɗebo bayi daga Sabuwar Kalaba, yankin Kalabari da ke kusa da Fatakwal ta yau. Cikin 'yan kwanaki Isaac Cruikshank ya fitar da zanen yarinyar an rataye ta da ƙafa ɗaya, kyaftin na riƙe da bulala ya na murmushi. Wannan na cikin 'yan lokutan da zanen ya tsaya wa marar gata. Aka gurfanar da Kimber a watan Yuni, Yarima William ya je kotun ya zauna, aka sallami Kimber. Sai a 1807 Ingila ta haramta cinikin.

A 1811 Yarima ya rabu da Dorothy domin ya nemi mace mai dukiya. Aka yanka mata kuɗin shekara, aka bar mata 'ya'yan mata, bisa sharaɗin kada ta koma wasa. Daga baya wani surukin ta ya jefa ta cikin bashi, dole ta koma dandamali, sai aka karɓe yaran da kason kuɗin su. A wannan tsakanin shi ma Gillray ta sa ta ƙare. Idon sa ya soma mutuwa tun wajen 1806, ya dulmuya a shan giya, hankalin sa ya gushe, Hannah Humphrey ta ci gaba da jinyar sa a saman shagon har ya rasu ranar 1 ga Yuni 1815, kwana goma sha bakwai kafin a murƙushe Napoliyon a Waterloo.

Wanda ya gaje shi shi ne George Cruikshank, ɗan Isaac. Shi ma ya taɓa sojan ruwa: a 1820 ya sassaƙa jerin zanen rayuwar wani yaro ɗan koyon aikin hafsa, daga kukan uwar sa ranar tafiya har zuwa horon da ake yi masa a ƙololuwar jirgi cikin sanyi, bisa zayyanar Kyaftin Frederick Marryat, wanda ya san abin daga ciki. Amma da mai tumbin nan ya fi shahara. Yarima Joji ya zama Sarki Joji na Huɗu a 1820, ya kuma tashi haiƙan sai ya rabu da Caroline, jama'a su ka bi bayan ta. Lokacin abin ya sauya, domin Cruikshank da wani mawallafi William Hone sun koma fitar da 'yan ƙananan littattafai masu hotuna a kan sule ɗaya, ɗaya daga ciki na 1819 an sayar da kwafi wajen 100,000. Zambo ya fito daga tagar masu kuɗi ya shiga hannun talaka. Me Sarki ya yi? Ya buɗe lalita. A watan Yunin 1820 Cruikshank ya karɓi fam 100 bisa alkawarin ba zai sake zana mai martaba cikin halin baɗala ba. Ana kuma bi ana saye wasu zane-zanen tare da farantan su tun kafin su fita. Abin mamaki, shi Sarkin da kan sa ya na cikin manyan masu tara irin waɗannan takardu. Tarin gidan sarautar, kusan guda 10,000, ya zauna a fadar Windsor har 1921, lokacin da aka sayar da shi ga ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Joji na Huɗu ya mutu a 1830 ba magaji, sai ga mutumin cikin fo ya zama Sarki William na Huɗu, ana masa kirari da sarki sojan ruwa. Ya yi shekara bakwai, 'yar ƙanen sa Victoria ta gaje shi a 1837. Zuwa lokacin ɗabi'ar mutanen Ingila ta sauya, shagunan zanen sun mutu, mujallar Punch ta fito a 1841 da barkwanci mai tsafta wanda za a iya ajewa a falo, kuma a shafukan ta ne a 1843 kalmar da mu ke cewa katun ta samu ma'anar ta ta yau. Da aka sake buga ayyukan Gillray a tsakiyar ƙarnin, sai da aka ware masu ƙazantar a kundi na daban.

Dorothy Jordan ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta tsere zuwa Faransa a 1815 saboda masu bin bashi, ta rasu a Saint-Cloud kusa da Paris a watan Yulin 1816, babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ta a kusa. Da William ya hau gado, sai ya kira babban masassaƙi Francis Chantrey ya sa shi ya sassaƙa mutum-mutumin ta da farin dutse, da jariri a hannun ta, da nufin a aje shi a majami'ar Westminster inda ake karrama manyan ƙasa. Hukumar majami'ar ba ta karɓa ba. Mutum-mutumin ya yi ta yawo a hannun zuri'ar ta, sai a 1980 aka shigar da shi fadar Buckingham.